Lambar tana cikin akwati, amma babu ita a takardar sallama

Yayar Soja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanena ya yi sojan ƙasa a nan Amurka daga 2004 zuwa 2008. Direban babbar mota ne, kuma ya yi shekara guda a Iraƙi tsakanin 2005 da 2006. A can ne bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi da motarsu, ƙarfe ya shige shi a cinya da kafaɗa. Har yau idan sanyi ya shigo sai ka ga yana jan ƙafar hagu. Da idona na ga lambar Purple Heart da aka ba shi, wadda ake bai wa sojan da aka raunata a fagen daga. Tana nan cikin ɗan akwatinta a ƙasan jakar kakinsa.

Watan jiya ya nemi aikin gwamnatin tarayya, aka ce ya kawo takardar sallamarsa, wato DD-214. Ni na zauna na karanta ta layi-layi, karo na farko tun da ya bar aiki. A gurbi na 13, inda ake jera lambobin yabo, babu Purple Heart. Babu bajon da ake bai wa wanda ya yi arangama da abokan gaba. A gurbi na 18 ba a rubuta ranar da ya shiga Iraƙi da ranar da ya fito ba. Sannan sunan mahaifinmu an cinye masa harafi ɗaya, ya saɓa da na fasfo. Na tambaye shi yaya aka yi ya sa hannu a haka, ya ce ranar hankalinsa ba ya jikinsa. Lokacin Innarmu tana kwance a asibiti a gida, tikitin jirgi na aljihunsa, akawu ya turo masa takarda ya sa hannu ya fice.

To ina tambaya, ana iya gyara wannan bayan sama da shekara goma sha biyar? Ina ake farawa? Kuma abin da ya fi damuna, shi kansa ya ce in bar maganar, wai bai je don lamba ba.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya jiƙan Inna idan ta riga mu. Anti, ni dai na ji ana cewa takardun tsoffin sojoji duk sun ƙone a wata gobara, shi ya sa mutane da yawa suke haƙura. Kada ki sha wahalar banza.

Tsohon Saje:
Maman Biyu, gobarar gaskiya ce, amma ba ta shafe shi ba ko kusa. Ranar 12 ga Yuli 1973 wuta ta tashi a babbar ma'ajiyar takardun soja da ke St. Louis a jihar Misuri, ta ci fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Na sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa ƙarshen 1959 su ne suka fi halaka, kusan kashi 80 cikin ɗari. Wanda ya shiga soja a 2004 ko fayil ba shi da shi lokacin. Fayil ɗin duk sojan ƙasa da ya bar aiki daga Oktoba 2002 zuwa yau a kwamfuta yake, a hannun rundunar kula da ma'aikata da ke barikin Fort Knox a Kentaki.

Hajiya, amsar tambayarki ta farko ita ce e, ana gyarawa. Na yi shekara ashirin da ɗaya cikin kaki, na ga an gyara na waɗanda suka fi shi daɗewa. Amma kada ki fara da rubuta koke. Fara da tattara takardu. Ya nemi cikakken fayil ɗinsa da fom mai lamba SF-180, ko ta intanet a shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Kyauta ne ga tsohon soja. A fom ɗin ya rubuta ƙarara cewa fayil ɗin gaba ɗaya yake so, don idan bai faɗa ba sai a aiko masa da 'yan shafuka kaɗan. Kuma shi ne zai sa hannu, ke ba za ki iya ba muddin yana raye da hankalinsa.

Yayar Soja:
Amin, na gode Maman Biyu, Inna ta rasu kwana tara bayan isarsa gida. Baba Saje, Allah Ya saka da alheri. To idan fayil ɗin ya zo, me zan nema a ciki? Ni ban san kan takardun nan ba.

Tsohuwar Akawun Bataliya:
Yaya, bari in shigo nan, don wannan aikina ne na shekara takwas. Ni na sha buga DD-214 da hannuna, kuma na san yadda ake samun irin wannan. Akawun da ke ofishin sallama bai san ƙaninki ba, bai je Iraƙi da shi ba. Abin da ya gani a taƙaitaccen tarihin aikin soja a kwamfuta shi yake kwafewa. Idan an maƙala wa mutum lamba a gadon asibiti ko a wani ƙaramin sansani, kuma takardar oda ba ta kai ga fayil ɗinsa ba, to a wurin akawu kamar ba a taɓa ba shi ba. A shekarun nan na 2005 da 2006 bataliyoyi suna shiga suna fita, ana canja mutane daga wannan kamfani zuwa wancan, takardu da yawa sun tsaya a hanya.

Abin da za ki nema shi ne oda. Lambar ƙarfen da ke cikin akwati ba hujja ba ce, don ana sayar da irinta a kanti. Kowace Purple Heart tana fitowa ne da takardar oda mai lamba da kwanan wata da sunan rundunar da ta bayar, kuma yawanci wannan lambar odar tana rubuce a ƙasan takardar shaida, wadda ake sakawa cikin koren bango mai tauri. Ki duba can ƙasa ta gefen hagu, da ƙananan haruffa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Idan an ba shi lambar, akwai oda, rubutawa kawai aka manta, wannan gyaran akawu ne. A tura kwafin odar da kwafin DD-214 da wasiƙa gajeriya zuwa sashen lambobin yabo na Fort Knox. Idan sun tabbatar, za su fitar da DD-215, takardar gyara da ake haɗawa da ta farko, ko su sake buga masa sabuwa. Idan kuwa ba a taɓa fitar da oda ba, to ba gyara kuke nema ba, ba da lambar kuke nema tun daga tushe, kuma wannan sai an kafa hujja. Ga Purple Heart abu uku ake dubawa: raunin daga abokan gaba ya fito, ya kai ga sai da likita ya duba shi, kuma an rubuta jinyar a takardun hukuma. Za su so bayanin mutum biyu aƙalla da suke wurin, ban da shi kansa.

Wani abu kuma, takardun lafiyarsa ba sa cikin wancan fayil ɗin. Na sojan ƙasa da suka fita tsakanin ƙarshen 1992 da ƙarshen 2013 an miƙa su ga ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, VA. Na kwanciya asibiti kuma ana ajiye su daban, da sunan asibitin da shekarar. Saboda haka ki tambaye shi inda aka kwantar da shi. Asibitin sansanin Balad ne a Iraƙi? An kai shi Landstuhl a Jamus?

Yayar Soja:
Ya ce Balad, kwana shida, daga nan aka mayar da shi bakin aiki. Ba a fitar da shi daga ƙasar ba. Da ƙyar na samu wannan amsar ma, ya ba ni yana kallon bango.

Ɗan Damagaram:
Ku gafarce ni, zan faɗi abin da ke raina. Ni tun 2003 ban taɓa ganin halaccin yaƙin Iraƙi ba, kuma har gobe ban gani ba. An rusa ƙasa, an kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Idan yaron nan da kansa ya ce a bar maganar lamba, wataƙila abin da zuciyarsa take gaya masa ke nan. Me ya sa za a tilasta masa ya nemi yabo a kan abin da yake son mantawa? Ba ina zaginsa ba ne, wallahi tausayinsa nake ji.

Tsohon Saje:
Malam, ban ji haushin maganarka ba. Na je Iraƙi sau biyu, kuma akwai dararen da har yanzu ba na barci. Da yawa daga cikinmu da muka sa ƙafa a can ra'ayinmu game da yaƙin bai yi nisa da naka ba. Amma ka dubi abin da takardar nan take yi. Ba ta wanke yaƙi, ba ta ce an yi daidai. Tana cewa ne wane ya kasance a wuri kaza ranar kaza, an ji masa ciwo. Da ita asibiti yake sanin inda zai sa shi. Mai Purple Heart yana shiga rukuni na uku na fifiko a tsarin kula da lafiya na VA. A neman aikin tarayya ana ƙara masa maki goma, maimakon biyar da yake da su yanzu saboda lokacin da ya yi aiki.

Kuma ni abin da ya fi tsaya mini ma ba lambar ba ce, kwanakin Iraƙin da babu a gurbi na 18 ne. A sansanonin can a wancan lokacin ana ƙona shara a manyan ramuka dare da rana, roba, taya, batir, komai. Na Balad yana cikin mafi girma. Dokar PACT da aka sa wa hannu a Agusta 2022 ta ce wanda ya yi aiki a Iraƙi ya kamu da wasu cututtukan huhu ko wasu nau'o'in daji, za a ɗauka daga can ya samo su, ba sai ya kawo hujjar alaƙa ba. Amma sai an tabbatar ya je. Yau yana da ƙarfin bin takarda. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya kiyaye, matarsa ce za ta yi ta yawo da fayil.

Ɗan Damagaram:
Wannan na lafiyar na karɓa, ranka ya daɗe. Ban san da shi ba. Amma ina nan a kan cewa kada a matsa masa. A gyara kwanakin da suna, maganar lamba a bar masa ya yanke da kansa.

Malamin Zango:
Ni ina ganin ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe. Ɗiyata, abin da nake zato shi ne ƙanin naki yana tsoron riya ne, ko kuma yana jin kunyar waɗanda ba su dawo ba. Ki gaya masa neman haƙƙi daban, alfahari daban. Addininmu ya umarce mu mu rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, mu kafa shaidu, don kada a zalunci wani bayan an manta. Jinin da ya zubar bashi ne a kan hukumar da ta tura shi, kuma iyalinsa suna da rabo a ciki. Ba sai ya rataya lambar a falo ba. Ta zauna a akwatinta. Amma kada ki yi masa maganar a gaban matarsa ko 'ya'yansa, ki same shi shi kaɗai, kuma idan ya yi shiru ki bar shi da shirunsa zuwa wani lokaci.

Yayar Soja:
Malam, kamar kana gidan. A motar tasu su uku ne, ɗaya bai fita da rai ba, yaro ɗan shekara ashirin. Ƙanena ya taɓa ce mini, sau ɗaya tak, shi ya kamata ya zauna a kujerar nan ranar, suka yi musanya. Tun daga nan bai sake buɗe baki a kai ba.

Baban Yara Bronx:
Allah Ya jiƙan rai. Ni shawarata ku ɗauki lauya kawai a wuce wurin. Kuma ku yi hattara, na ji akwai dokar da take ɗaure wanda ya ce yana da lambar da babu ita a takardarsa. Sannan ai wa'adi ya wuce, an ce shekara uku ne.

Tsohuwar Akawun Bataliya:
Baban Yara, bari in warware su ɗaya bayan ɗaya. Dokar da kake nufi ta 2013 ce, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan don ya samu kuɗi ko wata moriya take kamawa. Wanda aka ba shi lamba da gaske ba ruwansa da ita. Duk da haka ina ba da shawarar kada ya nemi maki goma a fom ɗin aiki sai hujja ta zo hannu, don masu ɗaukar aiki takarda suke bi.

Maganar shekara uku kuma ta hukumar gyaran bayanan soja ce, wadda ake kai wa koke da fom DD-149. Kowace runduna tana da tata, fararen hula ne manyan ma'aikata suke zama a cikinta. Dokar ta ce a shigar da koke cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, ba daga ranar sallama ba, kuma hukumar tana da ikon ɗage wa'adin idan adalci ya buƙaci haka. A fom ɗin akwai wurin da za ka faɗi ranar da ka gano da dalilin jinkiri. Ya faɗi gaskiyarsa: ya sa hannu cikin tashin hankalin ciwon mahaifiya, bai karanta ba sai bana. Purple Heart ita kanta ba ta da wa'adi, don ba shawarar kwamanda ba ce, haƙƙi ne da ke tabbata da zarar sharuɗɗa sun cika. Sauran lambobin yabo, irin waɗanda kwamanda yake rubuta shawara a ba ka, su ne suke da wa'adin shekara biyu. Idan ya wuce sai ta hannun ɗan majalisar tarayya.

Amma kada ku fara da hukumar. Ita ce matakin ƙarshe, kuma idan ba ku bi ta ƙananan ofisoshin ba za ta mayar muku da takardarku. Sannan a gabanta ana ɗaukar abin da gwamnati ta rubuta daidai ne har sai kai ka nuna akasin haka. Nauyin hujja a kanka yake, ba za su fita nema maka ba. Doka ta ba su wata goma su kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe, sauran kuma wata goma sha takwas, to ka ga ba wurin gaggawa ba ne.

Baban Yara Bronx:
To ai shi ya sa na ce lauya. Mu da Turancin takardun nan ba namu ba ne, kalma ɗaya sai ta kayar da kai.

Tsohon Saje:
A wannan shari'ar ban ga abin da lauyan kuɗi zai yi da jami'in taimakon tsoffin sojoji ba zai yi kyauta ba. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da jami'ai da aka tantance, ba sa karɓar ko sisi, kuma ba dole sai kana ɗan ƙungiya ba. Yawancin ƙananan hukumomi ma suna da nasu ofishin. Idan abu ya cije, akwai makarantun lauyoyi da suke da sashen taimaka wa tsoffin sojoji kyauta. Lauya yana da ranarsa, idan ana maganar canja nau'in sallama ko ritayar rashin lafiya, inda ake jayayya a kan hukunci. Nan kuwa takarda ce ta ɓata a hanya.

Ofishin ɗan majalisa ma yana da amfani idan an yi shiru da yawa. Za ku cike musu takardar izini, su tambaya a madadinku. Ba su da ikon su ce a ba ka ko a hana ka, amma tambayarsu tana sa a duba inda fayil ya tsaya.

Direban Tirela:
Ku ba ni dama in raɓa da tawa. Ni ma na je, 2007. Da na dawo barci ya ƙaurace mini, na fara makara fareti, na yi faɗa da wani kofur, aka sallame ni a 2008 da sallama ta gama-gari maimakon ta girmamawa. Sai bayan shekara shida likita ya ce ciwon firgicin yaƙi ne. Fom ɗaya ne da nasu?

Tsohuwar Akawun Bataliya:
Ɗan'uwa, taka daban ce. Canja nau'in sallama ana kai shi hukumar sake duba sallama da fom DD-293, amma cikin shekara 15 daga ranar fita. Taka ta wuce, don haka kai ma DD-149 za ka cike. Kada ka karaya. Tun 2014, lokacin da Chuck Hagel yake sakataren tsaro, aka umarci hukumomin nan su sassauta wajen duba koken waɗanda ciwon firgici ya shafi halayensu, aka kuma faɗaɗa umarnin a 2017. Ka haɗa takardar likita, da shaidar yadda aikinka yake kafin ka tafi da bayan ka dawo. Kai kam ka nemi lauyan kyauta, irin taka ce take buƙatarsa.

Jikan Ɗan Bama:
Ina karanta ku daga Kano hawaye na zubo mini. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai Bama a yaƙin duniya na biyu, runduna ta 82. Bature ya rubuta sunansa na yanka ya liƙa masa sunan garinsu, sunan mahaifinsa bai fito ko'ina ba. Littafin sallamarsa yana cikin wata adaka, gara ta cinye rabinsa kafin mu san darajarsa. Yau ko lambar aikinsa ba mu da ita cikakkiya. Hajiya, tun mai abin yana raye yana iya cewa ga yadda aka yi, ki daure ki bi.

Yayar Soja:
Allah Ya jiƙan Kaka. Anti Akawu, saura maganar suna, ba a taɓa ta ba.

Tsohuwar Akawun Bataliya:
Na ajiye ta ne don tana da ɗan sarƙaƙiya, kuma mu ta fi shafa. Sunayenmu suna shan wahala a hannun akawu, wani a juya masa sunan yanka da na mahaifi, wani a rubuta masa iri uku a fayil ɗaya. Idan fayil ya zo ki nemi takardar yarjejeniyar shiga soja, DD-4. Idan sunan daidai yake a can, a DD-214 kaɗai aka yi tuntuɓe, to kuskuren bugu ne, gyaransa ba wuya. Ki haɗa da takardar haihuwa da katin Social Security. Idan kuwa tun ranar shiga aka rubuta shi a karkace kuma ya yi shekara huɗu yana sa hannu a haka, ko kuma ya canja rubutun sunan daga baya lokacin karɓar takardar zama ɗan ƙasa, to hukuma takan so ta bar tarihi yadda yake, sai an nuna mata cutarwar da hakan yake jawowa.

Kuma kowace takarda kwafi za ku tura. Ta asali ba ta barin gida. Ku duba ma wanne kwafin DD-214 ne a hannunku, don akwai gajere da dogo. Dogon, mai lamba 4, shi ne yake nuna nau'in sallama, shi ake nema wurin aiki.

Yayar Soja:
Jama'a, na dawo bayan mako uku. Na bi shawarar Malam. Na same shi shi kaɗai a mota bayan sallar Juma'a, na faɗi abin da Baba Saje ya ce game da hayaƙin Balad da matarsa, ban ambaci lamba ba. Bai ce komai ba. Bayan kwana huɗu da daddare ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da jakar kakin a kafaɗa. Muka zazzage ta a tsakar ɗaki, har yanzu da ƙurar can a cikin ɗinkin. A ƙasa, cikin wata rigar sanyi a naɗe, ga koren bangon. Na kunna fitilar waya na duba ƙasan takardar ta hagu yadda Anti ta ce, ga lambar oda da kwanan wata, Fabrairu 2006. Hannuna har rawa yake. Mun kuma samu takardar tura su Iraƙi da sunansa a jeri, daidai yadda Baba yake rubuta shi. Na bajon arangama dai babu komai.

Tsohon Saje:
Alhamdu lillahi. To Purple Heart da kwanaki da suna sun kama hanya. Bajon arangaman, wato Combat Action Badge, an ƙirƙiro shi ne a Mayu 2005 don irinsu direbobi da sauran waɗanda ba dakarun ƙafa ba, kuma a farkonsa rundunoni da yawa ba su gama sanin yadda ake cike takardunsa ba. Mai yiwuwa ba a taɓa nema masa ba. Wannan sai da shaidun gani da ido. Akwai wanda yake da lambarsa cikin mutanen ayarin?

Yayar Soja:
Akwai na ukun da ke cikin motar, yana Teksas. Rabon da su yi magana tun jana'izar abokin nasu. Ya ce shi zai kira shi da kansa, kada in sa baki, kuma ban sa ba.

Ɗan Damagaram:
Haka ya kamata, Hajiya. Allah Ya sanyaya masa zuciya.

Yayar Soja:
Salam, ga ni kuma bayan wata bakwai, don na yi alkawarin dawowa. Jiya DD-215 ta iso. An ƙara Purple Heart, an rubuta kwanakin Iraƙi, an gyara sunan Baba. Jami'in taimakon da ke ƙaramar hukumarmu ya cike mana komai, ko kwabo bai karɓa ba. Na yi kwafi biyar, ɗaya na ba matarsa ta ajiye da kanta. Ya yi rajistar gwajin huhu a asibitin VA, an ba shi ranar 14 ga wata mai zuwa.

Bajon har yanzu. Ya kira abokin nasa, sun yi awa biyu a waya, na ji shi daga ɗaki yana kuka. Abokin ya rubuto bayaninsa shafi biyu da sa hannu. Saura mutum ɗaya, suna neman sajen da ya jagoranci ayarin ranar, an ce ya koma Jojiya. Direban Tirela, kai fa, ka tura naka?

Direban Tirela:
Na tura, Hajiya, watan da ya wuce. Wata makarantar lauyoyi ce ta karɓi maganar. Ki turo mini sunan bataliyarsu ta saƙon sirri, akwai zauren tsoffin direbobin ayari da nake ciki a Facebook, zan tambaya ko wani ya san inda sajen yake.